Yadda ake raba cakuɗaɗɗen gari, da yadda ake gane abin da aka raba

Tambaya: Malam, an ba mu wani gari a ɗakin gwaje-gwaje, an ce abu huɗu ne a ciki: yashi, gishiri, garin ƙarfe da wani farin sinadari mai suna amoniyam kulorayid. An ce mu raba su, mu kuma kawo hujjar cewa kowanne shi ne. Na haddace sunayen hanyoyin rabawa tsaf, amma da na tsaya gaban tebur sai na rasa ta inda zan fara. Ƙarshe dai na zuba ruwa na tace, na ƙafar da ruwan, na samu wani farin gari. Yaya zan san gishiri ne?

Amsa: 'Yata, akwai gishiri a farin garin nan naki, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma ruwan da kika fara zubawa shi ya jawo. Gyara bai gagara ba, za mu zo kansa. Bari mu fara daga abin da ya tsayar da ke gaban tebur.

Ana koya wa ɗalibi hanyoyin nan kamar jerin sunaye, tacewa, ƙafarwa, kaza da kaza, ba a faɗa masa tambayar da ta haife su duka. Tambayar ita ce: a wane hali abubuwan nan suka sha bamban? Wani maganaɗisu na jan sa, wani ko a jikinsa. Wani yana narkewa a ruwa, wani sai dai ya kwanta a ƙasa. Wani ƙaramin zafi ke tayar da shi, wani sai wuta ta kai wuta. Kowace hanyar rabawa hali ɗaya take kamawa ta yi aiki da shi. In kika gano halin, hanyar ita za ta kawo kanta.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne, a cikin cakuɗa kowane abu yana nan da halinsa. Ki auna giram 7 na garin ƙarfe da giram 4 na farar wuta ki cuɗanya su, ko kin kwana kina juyawa maganaɗisu zai zare ƙarfen ya bar farar wutar. Amma in kika zuba su a bututun gwaji kika ɗora a wuta, za ki ga garin ya yi jajir da kansa, in ya huce ya zama wani baƙin dunƙule. Wannan sabon abu ne, salfayid na ƙarfe, kuma maganaɗisu ba zai ƙara zare ƙarfen daga cikinsa ba. Duk abin da za mu tattauna a kan raba cakuɗa ne. Abin da ya riga ya haɗu ya zama sabon sinadari, warware shi wani karatu ne daban.

To, garinki. Ƙarfe ake fara cirewa, tun garin na bushe. Ki baza shi a kan takarda ya yi faɗi, ki naɗe maganaɗisun a cikin leda ko takarda kafin ki kusanto da shi. In kika kai shi tsirara, garin ƙarfen zai manne masa kamar gashi, ki ɓata rabin lokacinki kina kankara. In kuwa a naɗe yake, sai ki kai shi kan wani mazubi, ki zare maganaɗisun daga ledar, ƙarfen ya zube da kansa. Ki juya garin ki maimaita, sau uku ko huɗu, har ledar ta fito ba komai. Kada ki ɗauka duk abin da ake kira ƙarfe maganaɗisu na jan sa. Cikin waɗanda aka saba gani, baƙin ƙarfe ne da nikel da kobalt. Jan ƙarfe da alminiyam da zinariya ba ruwansu da shi.

Dalili biyu ya sa ƙarfe ke gaba. Jiƙaƙƙen ƙarfe, balle a ruwan gishiri, yana saurin tsatsa, tsatsa kuma ba ta bin maganaɗisu yadda ƙarfe ke bi. Sannan mataki na gaba dumamawa ne, iskar da ke tashi daga amoniyam kulorayid mai zafi kuwa tana cin ƙarfe.

Bayan ƙarfe sai amoniyam kulorayid. Ki zuba ragowar garin a ƙaramin kaskon ƙafarwa, ki kifa mazurarin gilas a kai, ki toshe bakin mazurarin da 'yar auduga, ki sa wuta kaɗan kaɗan, a wurin da iska ke fita. Jim kaɗan za ki ga farin hayaƙi na tashi, yana zuwa bangon mazurarin da bai yi zafi ba yana daskarewa, fari fat kamar an shafa alli. Wannan shi za ki kankare. Yashi da gishiri suna nan ƙasa ba su motsa ba, domin gishiri sai zafi ya kai digiri 801 na ma'aunin Salshiyas yake narkewa. Littattafan makaranta kan ce amoniyam kulorayid daga daskararre yake tashi kai tsaye zuwa iska ba tare da ya zama ruwa ba. A ido haka ne, amma abin da ke faruwa a ciki ya ɗan fi haka: zafi ne ke tsaga shi gida biyu, iskar amoniya da iskar haidirojin kulorayid, in suka tarar da sanyi su sake haɗuwa. Waɗanda ke tashi ba tsagewa su ne irin su aidin, mai shunayyar tururi, da naftalin, da daskararriyar iskar kabon dayoksayid.

Yanzu kin ga inda kika kauce. Giram 100 na ruwa a digiri 20 yana narkar da kimanin giram 36 na gishiri, yana kuma narkar da kimanin giram 37 na amoniyam kulorayid. A wajen ruwa su biyun nan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Da kika zuba ruwa, tare suka narke, tare suka ratsa takardar tacewa, tare kuma suka bushe a kaskonki, ga su duka farare.

Wani abu game da kalmar narkewa. A bakinmu ita ce ta ƙanƙara a rana, ita ce kuma ta gishiri a ruwa, alhali abu biyu ne. Na farko zafi ne ya mai da daskararre ruwa. Na biyu wani ruwa ne ya shiga tsakanin ƙwayoyin abu ya watsa su a cikinsa. In kina rubuta rahoto ki riƙa fayyacewa, narkewa da zafi ko narkewa a ruwa, don na sha ganin ɗalibi ya san amsa amma kalmar ta kayar da shi.

Saura yashi da gishiri, a nan ne ruwa ke da aiki. Ki zuba tsabtataccen ruwa ki juya. Ruwan ɗumi yana sa gishirin saurin narkewa, amma ba ya ƙara yawansa sosai, ko a tafasasshen ruwa kimanin giram 39 ne. Ki bari yashin ya kwanta, sannan ki ninke takardar tacewa biyu, ki sake ninkewa, ki buɗe ta yi tsini, shafi uku a gefe ɗaya, shafi ɗaya a ɗaya gefen. Ki sa ta a mazurari ki jiƙa ta da ɗigon ruwa ta lafe. Ki tsiyaya ruwan ya bi jikin sandar gilas, kada ya haura bakin takardar, in ya haura zai zagaya ta baya da yashinsa. Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne wanke yashin. Ruwan da ya jiƙa shi ruwan gishiri ne, in ya bushe a haka gishirin na nan a jikinsa. Ki zuba masa tsabtataccen ruwa kaɗan, sau biyu ko uku, ki haɗa da na farko.

Ruwan da ya ɗigo garau yake, kamar ba komai a ciki, amma gishirinki duka yana nan. Ƙofofin takardar tacewa sun fi ƙwayar narkakken gishiri girma sau dubbai, abin da bai narke ba kawai suke tarewa. Garau da tsabta ba ɗaya ba ne a wannan sana'a.

Wajen ƙafarwa kuma a yi hattara da ƙarshe. In ruwan ya kusa ƙarewa gishirin zai fara tartsatsi yana tsalle daga kasko, wani ya faɗa tebur, wani ya nufi ido. Ki kashe wutar tun da ɗan danshi, zafin kaskon ya ƙarasa, ko ki ɗora kaskon a kan tururin tafasasshen ruwa tun farko. Gishiri mai haƙuri ne, ko an ƙafar da shi ƙaf ba ya lalacewa. Ba kowane sinadari ke da wannan haƙurin ba. Salfet na jan ƙarfe, mai kyawun shuɗin nan, ruwa ne ɗaure a cikin ƙwayoyinsa, in kika matsa masa wuta zai saki ruwan ya koma farin gari. Irinsa sai a dafa har ruwan ya ƙoshi, a tsoma sandar gilas a ɗago, in aka ga ƙananan ƙwayoyi sun fito a jikinta sai a sauke a bari ya huce a hankali. Gwargwadon jinkirin hucewa, gwargwadon girman ƙwayoyin.

Wannan hucewa ita kanta hanyar rabawa ce, kuma mai ƙarfi. Potasiyam naitiret kimanin giram 32 ke narkewa a giram 100 na ruwa a digiri 20, amma a digiri 100 ya haura giram 240. In yana cakuɗe da gishiri, sai a narkar da su a ruwan zafi a bari ya huce: shi zai fito ya yi ƙwayoyi, gishiri kuwa, da yake zafi da sanyi kusan duk ɗaya ne a wajensa, yawancinsa sai ya zauna a ruwan. Da maimaita irin wannan aiki sau ba adadi Marie Curie ta fitar da kashi ɗaya bisa goma na giram na radiyam kulorayid a 1902, daga tarin dutsen ma'adini da ake aunawa da tan. Duk lokacin da ɗalibi ya yi mini ƙorafin an sa shi maimaita gwaji sau uku, ita nake tuna masa.

Ki auna garin tun kafin ki fara, ki kuma auna kashi huɗun in kin gama. In jimillar ta gaza ta farko kaɗan, ba mamaki, wani ya maƙale a takarda, wani a kasko. In kuwa ta fi ta farko, to ba ki ƙirƙiri komai ba, wani kashi ne bai bushe ba. A busar, a auna, a sake busarwa, a sake aunawa, har nauyin ya daina sauka.

Tun da jarrabawa ba za ta tsaya kan gari ba, bari in taɓa ruwa-ruwa. In ruwan kike so ba gishirin ba, sai a tafasa a kama tururin, a bi da shi ta bututun da ruwan sanyi ke kewaye da shi ya koma ruwa. Tsohuwar dabara ce, masana irin su Jabir bin Hayyan da Al-Razi sun yi aiki da ita, sunan tukunyar ma a harsunan Turai daga Larabci ya fito, al-anbiƙ. Abubuwa huɗu nake duba wa ɗalibi in ya haɗa kayan. Kan ma'aunin zafi ya tsaya daidai bakin da tururi ke fita, ba cikin ruwan ba, don zafin abin da ke wucewa ake son sani. Ruwan sanyi ya shiga ta ƙasan bututun ya fita ta sama, in aka juya bututun ba zai cika ba. A jefa 'yan gutsattsarin tangaran a tulun don tafasar ta tafi sumul, kada ruwan ya yi ta bori yana tsalle. Kuma kada a toshe kayan ruf, tururin da ya rasa mafita gilas yake fasawa.

In ruwa biyu ne da suka gauraye, kamar etanol mai tafasa a digiri 78 da ruwa mai tafasa a 100, tafasa ɗaya ba ta isa, domin tururin da ke tashi na ɗauke da duka biyun, sai dai etanol ya fi yawa. Sai a ɗora dogon bututu cike da duwatsun gilas a kan tulun. Tururin na hawa yana daskarewa a jikin duwatsun, zafin da ke biyo baya na sake tayar da shi, kowane hawa kuma etanol na ƙaruwa, kamar an yi tafasa da yawa a jere. Duk da haka akwai iyaka: in etanol ya kai kusan kashi 96 cikin 100, tururin da ruwan sun zama iri ɗaya, ko bututun ya kai tsawon rimi ba za a wuce nan ba. Wannan dabarar ce a matatar mai, inda iskar gas da fetur ke fita ta sama, kananzir da dizal a tsakiya, kwalta a ƙasa. Ita ce kuma ake raba iskar da muke shaƙa da ita bayan an sanyaya ta ta zama ruwa: naitirojin na tafasa a digiri 196 ƙasa da sifiri, agon a 186, oksijin a 183.

Waɗanda ba sa gauraya, irin mai da ruwa, mazurari mai famfo a ƙasa ake zuba su, su kwanta hawa biyu, a buɗe famfon na ƙasa ya fita. A cire murfin sama kafin a buɗe, in ba haka ba ruwan zai ɗan ɗigo ya tsaya cak. A nan na taɓa yin asarar da har yau ban manta ba. Ina ɗalibi, na saba ruwa ne a ƙasa kullum, rannan na tsiyaye na ƙasa na zubar a magudana hankalina kwance. Ashe sinadarin da muka yi aiki da shi daikuloromiten ne, wanda ya fi ruwa nauyi, kuma abin da na yini ina nema a cikinsa yake. Tun daga ranar ba na zubar da ko ɗaya sai an gama aiki, in kuma na yi shakka sai in ɗiga ruwa a mazurarin in ga hawan da ɗigon ya shige.

Akwai hanya ɗaya da ke rabawa tana kuma taimakawa wajen ganewa, ita ce kuromatogirafi. Ki yanki doguwar takardar tacewa, ki ja layi da fensir kusa da ƙasanta. Fensir na ce, don in kika ja da biro layin ma zai narke ya bi sahu. Ki ɗiga baƙar tawada mai narkewa a ruwa a kan layin, ɗigo ƙarami, ya bushe. Ki rataye takardar a kofin gilas, gindinta ya taɓa ruwa amma ɗigon yana sama da ruwan, ki rufe kofin. Ruwan zai fara hawa takardar. Da ya iso ɗigon sai ki ga baƙin ya miƙe, can sai shuɗi ya yi gaba, ja ko ruwan ɗorawa na biye, ashe baƙin nan taron launuka ne. Kowane launi ana ja-in-ja a kansa, takarda na riƙe shi, ruwa na jan sa. Wanda ya fi son ruwa ya yi nisa, wanda ya fi manne wa takarda ya tsaya kusa. Kafin ruwan ya kai ƙarshe ki ciro takardar, ki yi alama nan take a inda ya tsaya, don in ta bushe ba za ki gane wurin ba. Sai ki raba nisan da launi ya yi da nisan da ruwan ya yi: launi ya tafi santimita 3, ruwa ya tafi 6, lambarsa 0.5 ke nan. Ita ake rubutawa Rf.

Wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tswett, shi ya fito da dabarar a farkon ƙarni na 20, yana zuba ruwan ganye ta cikin bututu cike da garin alli, kore da rawaya suna rabuwa hawa-hawa, ya kuma raɗa mata suna a 1906. Martin da Synge na Ingila suka faɗaɗa ta, aka ba su kyautar Nobel a 1952. Amma ki lura da iyakar hujjarta. In abu biyu suka ba da Rf daban a takarda ɗaya, to tabbas ba abu ɗaya ba ne. In suka ba da iri ɗaya, mai yiwuwa ne kawai, sai an sake gwadawa da wani ruwan.

Wannan ya kawo mu rabin tambayarki na biyu. Fari dai ba hujja ba ne, sinadarai farare sun fi a ƙirga. Ɗanɗanawa kuwa haramun ce a ɗakin gwaje-gwaje, ko kin rantse gishiri ne, don ba ki san abin da kaskon ya taɓa ɗauka ba. Gishiri sodiyam ne da kulorayid, saboda haka shaida biyu ake nema, ɗaya ga kowanne.

Shaidar sodiyam a harshen wuta take. Ki samu wayar nikurom ko filatinam, ki tsoma a asid ɗin haidirokulorik ki kai wuta, ki maimaita har wayar ta daina ba wutar launi. Sannan ki dangwali garin ki kai gefen shuɗin harshen. Sodiyam rawaya yake bayarwa mai haske, wadda ke cika harshen ta daɗe. Litiyam ja wur, potasiyam shunayya mai haske, kalsiyam ja mai ruwan goro, bariyam algashi, jan ƙarfe kore mai shuɗi. Matsalar sodiyam ita ce yana ko'ina. Gumin yatsa kaɗai in ya taɓa wayar ya isa ya ba da walƙiyar rawaya, don haka rawayar da ta ɗan gifta ta wuce ƙazanta ce, ba a kafa hujja da ita. Ƙarfinta ma yakan rufe launin potasiyam, sai an duba ta cikin shuɗin gilas na kobalt, wanda ke shanye rawayar, ake ganin sa. Wasu masana biyu, Bunsen da Kirchhoff, a birnin Haidelbag na Jamus suka bi da hasken nan ta cikin gilas mai tarwatsa launi, suka ga kowane sinadari da layukansa kamar zanen yatsa. Da haka suka gano siziyam a 1860 da rubidiyam a 1861. Da irin wannan layi aka hango hiliyam a hasken rana a 1868, ba a kama shi a doron ƙasa ba sai 1895.

Shaidar kulorayid kuma a ruwa. Ki narkar da ɗan garin, ki ɗiga asid ɗin naitirik mai ruwa-ruwa, sannan naitiret na azurfa. Farar gwiɓa za ta fito kamar tsinkakkiyar madara, in kika ƙara ruwan amoniya ta narke. Buromayid gwiɓarsa fara ce mai ɗan rawaya, ta ayodayid rawaya ce sosai. Asid ɗin da ake fara zubawa aikinsa ya kori kabonet, irin sinadarin da ke cikin alli, don shi ma yana yin gwiɓa da azurfa ya ruɗe ki. Kuma naitirik ne, ba haidirokulorik ba. In kika zuba haidirokulorik kin zuba kulorayid da hannunki, komai kika gwada zai ce miki eh. Haka ruwan famfo, yawanci akwai kulorayid a cikinsa. Shi ya sa nake sa ɗalibai su fara gwada ruwan shi kaɗai a wani bututu, in ya yi hazo-hazo to gwajin duka ya rushe tun ba a fara ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Garinki zai ci waɗannan gwaje-gwaje biyu lafiya lau. Zai ba da rawaya don akwai sodiyam, zai ba da farar gwiɓa don su biyun duka kulorayid ne. Da nan kika tsaya, da kin rubuta gishiri kin miƙa, alhali cakuɗa ce. Gwajin da ya ce eh ya nuna abin yana ciki, bai ce shi kaɗai ne a ciki ba. Dole a nemi wanda ake zargin ya ɓuya. Ki zuba ruwan sodiyam haidiroksayid a kan ɗan garin ki ɗumama, ki riƙe jiƙaƙƙiyar jar takardar litmas a bakin bututun ba tare da ta taɓa gilas ba. In ta koma shuɗiya amoniya ce ke fita, amoniyam na nan ke nan. Za ki ji warinta mai hawa kai, amma da tafin hannu ake fifito iskar zuwa hanci, ba a kai hanci bakin bututu.

Sauran ukun ba su da wuya. Abin da kika kankaro daga mazurari ya ba da amoniya da farar gwiɓar azurfa, kuma kada ya ba da rawaya mai daɗewa a wuta. Ƙarfe in aka zuba masa asid ɗin haidirokulorik mai ruwa-ruwa zai yi kumfa, iskar kuma in aka kai mata tsinke mai wuta ta yi ƙara fau, haidirojin ke nan. In aka ɗiga sodiyam haidiroksayid isasshe a ruwan da ya rage, gwiɓa kore za ta fito, samanta ya riƙa komawa ruwan ƙasa in iska ta taɓa shi. Yashi ba ya narkewa a ruwa ko a wannan asid, in ya yi kumfa to akwai kabonet a ciki, iskar kuma za ta mai da ruwan kalsiyam haidiroksayid fari. Ki gwada ruwan wankinsa na ƙarshe da naitiret na azurfa, in bai yi hazo ba gishiri ya fita.

Ga sinadaran da ke narkewa a ƙaramin zafi, ma'aunin zafi ya fi komai tona asiri. Tsabtataccen abu yana narkewa a tsakanin digiri ɗaya ko biyu, mai gauraye kuwa yana farawa ƙasa da inda ya kamata ya kuma ja lokaci. Naftalin 80, asid ɗin benzoyik 122. Amma yuriya da asid ɗin sinamik duka wajen 133 suke narkewa, ga su farare. Dabarar ita ce a niƙa abin da ake shakka tare da wanda aka tabbatar. In abu ɗaya ne, lambar ba za ta motsa ba. In daban suke, kowanne ya zama ƙazanta ga ɗan'uwansa, sai narkewar ta faɗo ƙasa sosai. Nauyi gwargwadon girma ma haka yake, shaida ce amma ba ta tsayawa ita kaɗai: santimita kubik ɗaya na alminiyam giram 2.7 ne, na baƙin ƙarfe 7.9, na dalma 11.3, na zinariya 19.3, sai dai tungistin ma kusan 19.3 ne, shi ya sa sikeli kaɗai ba ya wanke zinariya.

Yanzu ki koma kan garinki. Ki niƙa shi ya yi laushi, ki tabbatar ya bushe, ki mayar da shi kasko, ki kifa mazurari da audugarsa ki sa wuta a hankali. In hayaƙin ya daina tashi ki bari ya huce, ki kankare na jikin mazurarin ki ajiye daban, ki ɗebi kaɗan daga na kaskon ki yi masa gwajin litmas. In takardar ta yi shuɗi, ki juya garin ki sake ɗorawa. Nauyin amoniyam kulorayid ɗin da za ki samu mai yiwuwa ya gaza, don wani ya riga ya tashi lokacin da kika ƙafar a buɗaɗɗen kasko, ki rubuta hakan a rahotonki yadda ya faru. Yashi da ƙarfen da suka rage a takardar tacewa kuma ki wanke su ki busar yau ɗin nan, ki kai musu maganaɗisu kafin tsatsa ta riga ki.